Cok da sitata ko balas na ilektironik: wanne ne ke cinye rayuwar dogon ƙwai?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai, masana harkar wuta. Ina neman a warware mini wani abu game da dogon ƙwai, wato fulorasan.

Gini ɗaya ne, ƙwai iri ɗaya, T8 (mai kaurin inci ɗaya) mai wat 36, daga kwali ɗaya aka ciro su. A babban ɗakin ajiya, inda ake kunnawa da safe a kashe da yamma, suna kan tsohon cok (balas na naɗaɗɗiyar waya, mai daidaita wutar ƙwai) da sitata (ɗan abin da ke tayar da ƙwai), kuma suna kai shekara uku har huɗu lafiya lau. A baranda da banɗakuna kuwa an cire cok an sa balas na ilektironik, an haɗa da sansa mai jin motsin mutum. Nan ƙwai ba ya cika shekara sai bakinsa ya yi baƙi ya mutu. Alhali abin da kowa ke faɗa shi ne na ilektironik ya fi tsawaita rayuwar ƙwai.

To laifin wa ke nan? Na balas ne, na sansa ne, ko ƙwan ne ba shi da kyau? In kuma balas ne, yaya mutum zai gane wanda ya dace da wuri kafin ya saya? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin a ɗora wa wani balas laifi, a fara sanin ta inda ƙwai ke mutuwa. Daga baki mutuwarsa take zuwa. A kowane baki akwai ɗan siririn zaren tangistan a naɗe, an shafe shi da wani farin gari na sinadaran bariyam da sitironshiyam da kalsiyam. Garin nan ne ke sakin ilektiron cikin sauƙi idan zaren ya ɗau zafi. Ilektiron su bugi tururin zaibar da ke ciki, zaiba ta fid da hasken da ido ba ya gani, hodar jikin gilashi ta mayar da shi farin haske. Garin kuwa a ƙididdige yake, abin da aka shafa a masana'anta shi ke nan, babu ƙari. Ranar da ya ƙare a baki ɗaya, ƙwai ya gama aiki ko da gilashinsa fes yake.

Ta hanya biyu yake ƙarewa. Idan zaren ya yi zafi fiye da kima, garin ya riƙa tashi kamar tururi. Idan kuma aka tilasta wa zaren ya ba da wuta alhali yana da sanyi, ƙwayoyin iskar da ke ciki su riƙa dukansa da ƙarfi suna ɓantare garin. Baƙin da kake gani a bakin gilashi, garin ne da tangistan da suka bar zarensu suka manne a can. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowane balas ita ce: yaya kake bi da zaren nan lokacin kunnawa, yaya kuma kake bi da shi bayan ƙwai ya kama?

Aikin balas na farko dai riƙe wuta ne. Dogon ƙwai ba ya iya tsayar da kansa. Da zarar ya kama, juriyarsa raguwa take yi yayin da wuta ke ƙaruwa, in ba abin da ya tare ta sai ya ja har ya ƙone. Mai wat 36 a kan cok yana zama a kan bolt 103 da amfiya 0.43, ragowar ƙarfin layin cok ne ke ɗauke da shi.

Ga yadda cok da sitata ke kunnawa. Kana danna makunni, wuta ta bi ta cok, ta zare na farko, ta sitata, ta zare na biyu. Iskar da ke cikin kwalbar sitata ta haska, zafinta ya lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke ciki ya taɓa ɗan'uwansa, sai wuta ta ratsa zaruruwan biyu su ɗau zafi. Ƙarfen ya huce ya saki, cok ya harba bugu na ɗaruruwan bolt, ƙwai ya kama. A takarda tsari ne mai kyau, domin ana ɗumama zare kafin a buga. A aikace kuwa sitata makauniya ce. Ba ta san ko zaren ya yi zafi ba, ba ta kuma san a wane matsayi wutar mai hawa da sauka take ba lokacin da za ta saki. In ta saki daidai lokacin da wutar ke kusa da sifiri, bugun ya zo da rauni, ƙwai ya yi wal ya mutu, a sake sabon lale. Ƙyaftawar nan sau uku sau huɗu da muka saba gani, kowace ɗaya tana gutsurar garin. Tsohuwar sitata ta fi ɓarna, domin tana saki da wuri kafin zare ya ɗumama.

Shi ya sa duk lokacin da aka canza ƙwai a canza sitata tare da shi. Kuma a sa wadda ta dace: S10 ta ƙwai ɗaya ce a kan cok ɗinsa, daga wat 4 zuwa 65. S2 ta gajerun ƙwai biyu ce da aka jera a kan cok ɗaya, daga wat 4 zuwa 22. Akwai kuma sitata ta ilektironik da ke shiga ramin tsohuwar ba tare da an taɓa waya ba. Tana ɗumama zare na ƙayyadadden lokaci, ta buga sau ɗaya, in ƙwai ya ƙi kamawa ta haƙura ta daina. A ganina duk wanda zai ci gaba da zama a kan cok, wannan shi ne gyara mafi sauƙi da zai yi wa ƙwansa.

Game da ɗakin ajiyarka, ba abin mamaki a ciki. Awa 10 a rana, kwana shida a mako, ya kama awa 3,100 da 'yan kai a shekara. Shekara huɗu ke nan wajen awa 12,500, kuma abin da masu ƙera T8 mai kyau ke rubutawa a kan cok bai wuce awa 12,000 zuwa 15,000 ba. Ƙwan ya ci rabonsa ne cif, saboda sau ɗaya tak ake tayar da shi a rana.

Malama Injiniya ta rubuta:

Malam ya shimfiɗa tushen, bari in ɗora. Kuskuren da ke cikin maganar da ake yaɗawa shi ne ɗaukar balas na ilektironik a matsayin abu ɗaya. Abin da ya haɗa su kawai shi ne suna juya wutar layi zuwa mai saurin kaɗawa, sama da 20 kHz (sau 20,000 a daƙiƙa), yawanci 40 zuwa 50. Wannan ne ke kawar da ƙyalƙyalin sau 100 a daƙiƙa da ƙugin cok, ya kuma ƙara hasken da ake samu daga kowane wat da kusan kashi 10 cikin 100, har ya sa ƙwai mai wat 36 ake tuƙa shi a kan 32, mai 58 a kan 50. Amma wajen kunnawa iri uku ne, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa.

Na farko mai bugun sanyi. A jikinsa za ka ga an rubuta "instant start" ko "cold start". Ba ya ɗumama zare ko kaɗan. Yana ɗora wa ƙwai wajen bolt 600 nan take, ƙwai ya kama kafin ƙiftawar ido. Ya fi sauran sauƙin ƙira, ya fi su ƙarancin cin wuta tunda ba ya kashe komai a kan zare, amma kowace kunnawa ta sanyi ce ɗari bisa ɗari. Masu ƙera shi da kansu kan ce ƙwai zai jure kunnawa 10,000 zuwa 15,000 a kansa.

Na biyu, "rapid start", yana ba zaren ɗan ƙaramin ƙarfi, wajen bolt uku da rabi, a daidai lokacin da yake ɗora ƙarfin kunnawa, kuma ba ya janye ɗumin har a kashe fitila. Ya fi na farko tausayi, sai dai tunda abu biyun tare suke tafiya, ƙwai na iya fara ƙoƙarin kamawa kafin zare ya gama ɗumama. Yana cin ƙarin wat ɗaya zuwa biyu a kowane ƙwai. Yana kuma buƙatar jikin fitin na ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa kusa da gilashin, kimanin rabin inci, domin shi ke taimaka wa kunnawar. In wayar ƙasa ta kwance, ƙwai ya riƙa daɗewa yana ja-ja a baki kafin ya kama, wannan jinkirin kuwa ɓarna ne.

Na uku shi ne wanda baranda ke buƙata: "programmed start", wasu su rubuta "warm start" ko "preheat", wato mai fara ɗumamawa. Yana riƙe ƙarfin kunnawa a ƙasa, ya ɗumama zare na daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi har ya haura digiri 700 na Salshiyas, sannan ya buga sau ɗaya. Ma'aunin da injiniyoyi ke dubawa shi ne juriyar zaren: ta sanyi a ninka ta sau huɗu da rabi zuwa biyar, wajen 4.75, shi ne alamar zafin ya kai. Ƙasa da haka an buga da sanyi, sama da haka sosai an fara ƙona garin tun kafin a haska. Masu kyau daga ciki suna rage ɗumin ko su yanke shi bayan ƙwai ya kama. A kan irin wannan ne ake rubuta kunnawa 50,000 ko fiye, a kansa ne kuma T8 ɗin da cok ke kai wa awa 13,000 yake kai awa 20,000.

Yanzu yi lissafin barandarka. A ce sansa tana kunnawa sau 40 a rana, kowane karo minti biyar. Kunnawa 14,600 ke nan a shekara, awannin haske kuwa 1,200 kacal. A kan mai bugun sanyi, ƙwan ya cinye adadin kunnawarsa kafin shekara ta zagayo, alhali bai yi ko kashi ɗaya cikin goma na awannin da aka rubuta a kwalinsa ba. Ina kyautata zaton wannan ne ya same ka. A kan mai fara ɗumamawa, wannan kunnawar dai za ta kai shi shekara uku da rabi.

Wani abu da ya kamata kowa ya sani game da lambar da ke jikin kwali: ana samo ta ne a gwajin da ake kunna ƙwai na kimanin awa uku a kashe na 'yan mintuna, a yi ta maimaitawa. A tsarin Turai awa biyu da minti 45 a kunne, minti 15 a kashe. A na Amurka awa uku a kunne, minti 20 a kashe. Kuma lambar ita ce lokacin da rabin ƙwan da aka gwada suka mutu, ba alƙawari ba ne ga kowane ɗaya. Wanda ke kunnawa duk minti biyar ya fita daga sharaɗin gwajin gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka mai bugun sanyi banza ne. A inda fitila ke yini a kunne, awa 12 ko fiye ba a taɓa makunni ba, ratar da ke tsakaninsa da mai fara ɗumamawa raguwa take yi sosai, ga shi ya fi tsimin wuta. Yawancinsu kuma kowane ƙwai da layinsa, ɗaya ya mutu sauran na ci, saɓanin masu ɗumamawa da yawa da ke jera ƙwai biyu a layi ɗaya, ɗaya ya mutu ya tafi da hasken ɗan'uwansa.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode Malam, na gode Malama. Na duba, ƙwan barandar yana kamawa nan take ba wani jinkiri. Amma wasu daga cikin balas ɗin babu wani rubutu a jikinsu sai wat da bolt, kuma waya huɗu ke fita zuwa ƙwai, biyu a kowane baki. Waya huɗun ba alamar yana ɗumama zare ba ne?

Mai Gyaran Allo ya rubuta:

Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Waya ɗaya a kowane baki tabbas mai bugun sanyi ne, amma waya biyu ba ta tabbatar da komai. Buɗe irin waɗannan marasa rubutu ka gani: dayod huɗu, kafasita mai ruwa guda ɗaya ko biyu, taranzista biyu, sau da yawa 13003, ɗan zoben ferait da aka naɗa wa waya, ƙaramin cok, sai wata ƙaramar kafasita da aka gicciya tsakanin zaruruwan biyu. Wuta tana bi ta zare ta ratsa wannan kafasitar, gaskiya ne, shi ya sa ake buƙatar waya huɗu. Amma ƙarfin kunnawa yana tashi cikin ɗan ƙanƙanin lokacin da bai isa zare ya ji komai ba. Bugun sanyi ne sanye da rigar mai ɗumamawa. Agogo ne alƙali: in daga danna makunni zuwa haske babu jinkirin da ido zai lura da shi, ba a ɗumama komai ba. Na gaskiya yana shiru na daƙiƙa guda ko fiye, wani lokaci ka hango ɗan ja a baki, sannan ya haska gaba ɗaya ba ƙyaftawa.

Akwai na tsakiya da ke yaudarar mutane. An sa masa ɗan abin da ake kira PTC kusa da waccan kafasitar. Yana da sanyi juriyarsa kaɗan ce, sai ya danne ƙarfin kunnawa ya bar zare ya ɗumama. Ya yi zafi juriyarsa ta haura, ƙwai ya kama. Kunnawar farko da safe lafiya lau. Matsalar ita ce muddin fitila na ci, shi ma da zafinsa yake zaune, kuma yana buƙatar wasu mintuna kafin ya huce. In sansa ta kashe, wani ya shigo bayan daƙiƙa ashirin, zaren ya riga ya huce amma PTC bai huce ba, sai a buga da sanyi. A banɗaki da baranda wannan ne ke faruwa yini guda. Gwada shi haka: kunna, bar shi minti goma, kashe, ƙirga goma, sake kunnawa. In jinkirin ya ɓace, PTC ne. Wanda aka gina a kan IC, wato ɗan guntun ilektironik mai sarrafa aikin balas, yana ƙirga lokacinsa daidai a kowane karo.

Sai ɓarnar da ake yi bayan ƙwai ya kama, wadda ba a cika magana a kanta ba. Wutar da balas ke turawa tana da ƙololuwa tana da matsakaici, irin wanda ake kira RMS. In ka raba ƙololuwar da matsakaicin, wuta mai tsabtar hawa da sauka tana ba da 1.41. Ƙa'idar masu ƙera ƙwai ita ce kada ya wuce 1.7, a takardar bayanin balas za ka gan shi da sunan "crest factor". Ya wuce haka, kowace ƙololuwa duka ce a kan zare, sau dubbai a daƙiƙa. Balas mai arha da aka tsuke wa kafasita yana zama a bakin wannan iyakar tun yana sabo. Kafasita mai ruwa kuma bushewa take yi da zafi. Tana bushewa wutar da ta tace ta fara rawa, ƙololuwa ta haura, ƙyalƙyali ya dawo. Shi ya sa za ka ga fitin da ya shekara uku lafiya ya koma cin ƙwai duk wata huɗu. Ba ƙwan ne ya lalace ba, balas ne ya tsufa.

Zafi kuwa a auna shi, kada a yi kirdado. A jikin balas mai kyau akwai ɗigo da aka rubuta tc kusa da shi, da lamba kamar 70 ko 75. Nan ake ɗora ma'aunin zafi bayan fitila ta yi awa biyu zuwa uku a kunne, murfinta a rufe. A kan wannan zafin ne aka lissafa masa awa 50,000, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Mai buɗe balas ya tuna babbar kafasitar tana riƙe da bolt 300 zuwa 400 ko bayan an cire wuta, a sauke ta da rizisto kafin a kai hannu.

Malama Injiniya ta rubuta:

Ƙari a kan haka, ko an sayi balas mafi kyau ana iya kashe ƙwai da haɗi.

Holda, wato mazaunin da fil ɗin bakin ƙwai ke shiga, ita ce ta farko. Fitin da aka yi don mai bugun sanyi sau da yawa holdarsa a haɗe take ta ciki, ramukan fil biyun waya ɗaya ce. In ka sa mai fara ɗumamawa a kan irin wannan holdar, wutar ɗumin ba za ta bi ta zare ba, ta gajeriyar hanya za ta bi. An gudu ba a tsira ba ke nan, kuma balas ɗin kansa na iya ƙonewa. Cire ƙwai, kashe wuta, zare wayoyin holdar, ɗora mita a kan ramukan biyu. Ta yi ƙara, a canza holda. Holdar da ta saki ma haka: fil ɗaya bai taɓa sosai ba, baki ɗaya ba ya samun ɗumi, shi kaɗai zai yi baƙi da wuri.

Ta biyu, dacewar ƙwai da balas. Tsawo ɗaya ba ya nufin wuta ɗaya. A T5, wato ƙwan da ya fi T8 siranta, mai wat 28 da mai wat 54 tsawonsu ɗaya, holdarsu ɗaya, amma na farko miliamfiya 170 yake ɗauka, na biyu wajen 460. Haka 14 da 24, haka 21 da 39. Ka sa mai 28 a kan balas na 54, zai yi haske kamar ba gobe ya ƙone zarensa cikin ɗan lokaci. Ka juya, mai 54 a kan balas na 28, zaren nan mai kauri ba zai sami wutar da za ta riƙe zafinsa ba, sai ya yi ta aiki da sanyi yana zubar da gari. Mutane na ɗauka rage wa ƙwai wuta hutar da shi ne. A fulorasan ba haka ba ne.

Wannan dalilin ne ya sa rage haske ke buƙatar balas na musamman, mai 1–10V ko DALI (hanyoyin aika wa balas umarnin rage haske), wanda ke ƙara wa zare ɗumi daga gefe yayin da yake rage wutar da ke ratsa gilashi. Dima, wato makunnin rage haske, ta bango irin ta ƙwan zare ba ta da hurumi a nan. Wasu masu ƙera ƙwai kuma suna son sabon ƙwai ya yi awa 100 a cikakken haske kafin a fara rage shi.

T5 ɗin nan na zamani ba a ɗora shi a kan cok, kuma balas ɗinsa dole ya kasance mai gane ƙarshen ƙwai. Idan garin baki ɗaya ya ƙare, ƙwai yakan koma wuce wuta ta gefe guda fiye da ɗayan, bakin da ya mutu ya ɗau zafi. Gilashin T5 milimita 16 ne kawai, zare na dab da bango, zafin na iya narkar da holda ko ya fasa gilashi. Balas mai kariya yana ganin haka ya kashe kansa, sai an sa sabon ƙwai ya dawo.

A bi zanen da ke jikin balas wajen tsawon waya. Tashoshin da aka ce a gajarta wayarsu a kai su bakin da ya fi kusa. A wannan saurin kaɗawar, doguwar waya da ke kwance a jikin ƙarfe tana tsiyayar da wani abu daga wutar kunnawa da ta ɗumi.

Tsohon Hannu ya rubuta:

Madalla. Ɗan Koyo, mataccen ƙwai ma yana ba da labari, kada ka jefar kafin ka duba shi. Baƙi mai kauri a baki biyu, ƙwai bai daɗe ba: bugun sanyi ne ko yawan kunnawa. Baki ɗaya kawai: holda, waya, ko layin ɗumi ɗaya ya yanke. Baki biyu sun yi ja suna ci, tsakiya duhu, a kan cok: sitata ta manne, a cire ta nan da nan domin cok na dahuwa. Haske ya dushe ya koma ruwan hoda: zaibar ciki ce ta ƙare, ba ruwan balas. Ɗora mita a kan fil biyun kowane baki, zare mai rai 'yan ohm kaɗan zai nuna. Matattun kuma a ajiye su ba fasawa, saboda zaibar.

Inda zan ƙara wa cok laifi shi ne ba ya gyara abin da layi ya kawo. Wuta ta haura, abin da ke ratsa ƙwai ya haura fiye da yadda ita ta haura, zare ya ƙone. Ta yi ƙasa, ɗumi ya kasa, sitata ta yi ta bugu. Saurin kaɗawa ma haka: cok na 50 Hz a kan janaretan da ya sauka 45, juriyarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, ƙwai da cok duk su ɗau zafi. Na ilektironik mai kyau yana riƙe ƙwai a wuri ɗaya tun daga bolt 198 har 264. Mara kyau kuwa bin layi yake yi kamar cok.

Amma ban yarda da masu cewa a bar fitila a kunne dare da rana don a tsawaita ranta ba. Awannin za su ƙaru, kwanakin ne za su ragu. Shekara awa 8,760 ce. Ƙwan da zai yi awa 30,000 ba kashewa, shekara uku da rabi zai yi. Wanda zai yi 20,000 a awa 10 kullum, shekara biyar da rabi, ga wutar da aka tsimi. Batun wai kunnawa na shan wutar awa guda kuwa ba shi da tushe, ba ta wuce ta 'yan daƙiƙu ba.

Barandarka abu biyu take so. A sa mai fara ɗumamawa na gaskiya, mai IC, bayan an gwada holda. Sannan a buɗe sansar a juya ɗan maɓallin lokaci daga minti ɗaya ko biyar zuwa 15, wasu ma 20 suke sawa. Mutum uku da suka wuce a jere sai su zama kunnawa ɗaya maimakon uku, arba'in ɗin nan ta rana ta sauko ƙasa sosai. In akwai balas mai rage haske, ya fi kyau a haɗa sansar ta yadda za ta sauke hasken zuwa kashi 10 cikin 100 idan ba kowa, maimakon ta kashe gaba ɗaya, zare ya zauna da ɗuminsa har mai wucewa na gaba ya zo.